Hoto Ya Rine Ko Haskensa Ya Ɓaci: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Gyara

Yawancin hotunan da ake cewa sun ɓaci, ɗayan abu biyu ne ya same su: ko wani launi ya mamaye su gaba ɗaya, ko hasken da ya shiga kyamara ya yi yawa ko ya gaza. Duka biyun suna gyaruwa, amma ba ko da yaushe ba, kuma ba da ido kaɗai ba.

Me ya sa hoton da na ɗauka a ɗaki ya fito rawaya, alhali fari idona ya gani?

Domin haske ba launinsa ɗaya ba. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Harshen kyandir yana wajen 1900, ƙwan lantarki irin na da mai zare a ciki 2700 zuwa 3200, hasken rana da tsaka wajen 5200 zuwa 5500, ranar da gajimare ya rufe sama 6000 zuwa 6500, inuwa a ƙarƙashin shuɗin sama kuma 7000 zuwa 8000. Ƙaramar lamba tana nufin haske mai ja-ja, babba kuma mai shuɗi-shuɗi.

Ƙwaƙwalwar mutum tana gyara wannan bambanci ba tare da ya sani ba, shi ya sa farar takarda take zama fara a gare shi ko'ina ya kai ta. Kyamara kuwa kintace take yi. Idan ta ɗauka hasken rana ne alhali ƙwan lantarki ne, sai komai ya fito rawaya. Idan ta ɗauka ƙwan lantarki ne alhali kana waje, sai komai ya yi shuɗi. Dogon ƙwai mai farin haske da wasu ƙwayayen LED masu rauni suna ƙara kore-kore, kuma wannan ba ya cikin lissafin Kelbin, ma'auninsa daban ne.

Akwai kuma rinin da ba fitila ce ta kawo shi ba: bango mai launi, koren ciyawa, ko rumfa mai launi, duk suna mayar da launinsu a kan fuska.

Na san hoton bai yi daidai ba, amma na kasa gane launin da ya yi yawa. Yaya zan yi?

Kada ka tambayi idonka, ka tambayi lamba. Idan mutum ya daɗe yana kallon hoton da ya rine, idonsa yakan saba har ya daina ganin matsalar.

Kowane ɗigo na hoto lamba uku ce ta haɗa shi: ja, kore da shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Abin da yake ruwan toka na gaskiya, ko fari, ko baƙi, lambobinsa uku daidai suke, ko kusan daidai. Ka ɗora alamar linzami a kan wani abu da ka san ba shi da launi, ka karanta. A manhajar gyaran hoto ta Photoshop taga mai suna Info ce take nunawa. Lightroom yana nuna su a ƙasan taswirar haske, wato zanen da ke nuna yadda haske da duhu suka rabu a hoton, amma shi cikin ɗari yake lissafi.

Misali, ka ga ja 200, kore 192, shuɗi 160. Shuɗi ya gaza sosai, wato rawaya ta yi yawa. Idan ka ga 180, 196, 181, kore ne ya yi rinjaye. Bambancin 2 ko 3 ba abin damuwa ba ne. Daga 8 zuwa sama ido zai fara gani.

Sai ka riƙe abokan hamayya uku, domin duk gyaran launi a kansu yake tafiya: shuɗi da rawaya, kore da majenta (ja mai sirkin shuɗi), ja da shuɗi-kore. Ƙara ɗaya rage ɗan'uwansa ne.

Wata dabara mai sauri: ka ja ma'aunin ƙarfin launi zuwa ƙarshe na ɗan lokaci. Launin da yake ɓoye zai fito fili. Ka gan shi, sai ka mayar da ma'aunin inda yake.

Wace hanya ce mafi sauƙi ta cire rinin?

Kusan kowace manhaja, Lightroom, Photoshop, GIMP, darktable, RawTherapee, har Snapseed ta waya, tana da alama mai kama da bututun ɗiga maganin ido. Ka ɗauke ta ka taɓa wurin da ya kamata ya zama ruwan toka. Manhajar za ta daidaita lambobin wurin uku, sauran hoton ya bi.

Duk wahalar tana wajen zaɓen inda za a taɓa. Wuri mai kyau shi ne ruwan toka mai haske wanda fitilar da ta haska abin da kake ɗauka ita ta haska shi: siminti, farin bango da bai ƙone da haske ba, farar takarda, ƙarfe marar sheƙi. Wuraren da suke ɓatar da mutum kuwa su ne:

- Walƙiyar da take kan gilashi ko ƙarfe. Lambobinta sun riga sun kai 255 duka, ba su da labarin da za su bayar.
- Farin ido da haƙori. Ba farare ba ne. Ido yana da jijiyoyi ja, haƙori yana da rawaya.
- Farar riga sabuwa. Sau da yawa akwai sinadarin ƙara fari a jikinta mai sa ta shuɗi-shuɗi, idan ka taɓa ta sai hoton ya koma rawaya.
- Duhu sosai, inda ɗigo-ɗigon launi suka yi yawa.

A Photoshop ka sauya girman samfurin daga ɗigo ɗaya zuwa 5 sau 5 ko 11 sau 11, don kada ɗigo ɗaya gurɓatacce ya yanke wa hoton duka hukunci. Ka gwada wurare biyu ko uku. Bayan nan ka ƙarasa da hannu: ma'aunin Temp don shuɗi da rawaya, Tint don kore da majenta.

An ce babbar lambar Kelbin shuɗi ce. Me ya sa idan na ƙara ta a manhaja hoton yake ƙara ja?

Lambar da kake sakawa ba launin da kake so ba ce, bayani ne kake yi wa manhajar kan hasken da aka ɗauki hoton da shi. Idan ka ce 7500, ka gaya mata hasken shuɗi ne, sai ta ƙara rawaya don ta kashe shuɗin. Haka abin yake a cikin kyamara ma.

Na gyara wurin haske, sai inuwa ta koma shuɗi. Na gyara inuwa, wurin haske ya ɓaci.

Wannan rini ne da bai bazu daidai ba, kuma Temp da Tint ba za su iya da shi ba, don su hoton duka suke turawa gefe ɗaya. Ana yawan ganinsa a tsofaffin hotunan takarda da aka kwafa zuwa kwamfuta, waɗanda rininsu ya koɗe suka koma ja-ja, da hotunan rana inda inuwa take samun haskenta daga shuɗin sama.

Maganinsa Curves ne, wato layin da ake lanƙwasawa a manhaja don sauya haske ko launi, kuma launi ɗaya bayan ɗaya ake bi. Ka sa alamar awo uku: ɗaya a abu marar launi mai haske, ɗaya a matsakaici, ɗaya a mai duhu. Ka buɗe layin shuɗi shi kaɗai. Ƙasan layin ta hagu inuwa ce, samansa ta dama haske. Idan inuwa ce ta yi shuɗi, ka kafa ɗigo a tsakiyar layin don ya riƙe shi, sannan ka sauke ɓangaren ƙasa kaɗan har lambar shuɗi ta zo kusa da ta kore. Ka yi haka da layin ja. Mun fi son a bar kore a matsayin ma'auni a kawo sauran biyun wurinsa, saboda kore ne yake ɗauke da mafi yawan hasken hoto. Idan ka motsa shi sosai, hasken ma zai sauya.

Motsi kaɗan ake yi. Idan layin ya fara lanƙwashewa sau biyu ko uku, ka wuce gona da iri, kuma za ka ga launuka na ban mamaki a fata.

Kada kuma ka kashe shuɗin inuwa gaba ɗaya a hoton waje. Ido ya saba da ɗan sanyi a inuwa, idan babu shi hoton yakan yi kamar an zana shi.

Idan babu abu fari ko ruwan toka a hoton fa?

Idan akwai mutum, fatarsa za ta taimaka. A hasken da bai rine ba, fatar ɗan Adam, mai haske ce ko mai duhu, ja ne ya fi yawa a lambobinta, kore na biye, shuɗi ne ƙarami. Idan ka ga shuɗi ya kamo kore, hoton ya yi sanyi ko ya yi majenta. Idan kore ya kusa kamo ja, fuskar za ta yi kamar ta marar lafiya. Ka auna a goshi ko kumatu inda babu sheƙi kuma babu kwalliya.

Akwai dabarar da ake yawan koyarwa a Photoshop: a shimfiɗa ruwan toka na kashi 50 a kan hoton, a sa yanayin haɗinsa a Difference, a ɗora Threshold, a ja ma'aunin daga hagu a hankali har ɗigon baƙi na farko su bayyana, a ce nan ne tokar hoton. Tana aiki wani lokaci, amma ka san iyakarta. Abin da take nemo maka shi ne wurin da lambobinsa suka fi kusa da 128 a yanzu, bayan hoton ya rine. Ba ta san ko abin nan ruwan toka ne a zahiri ba. Idan ta nuna maka ganye ko riga mai launi, ka yi watsi da ita.

Rabin fuska rawaya, rabi shuɗi. Wannan yana gyaruwa?

Haske biyu ne suka haɗu, yawanci ƙwan ɗaki da hasken taga. Babu saiti ɗaya da zai gamsar da su. Ka daidaita hoton duka da hasken da ya fi faɗa wa fuska, sannan ka ɗauki burushin gyara mai laushin baki ka shafa ɗaya ɓangaren, ka motsa Temp a nan kaɗai. Idan shuɗin a kan farin kaya ko bango yake, rage ƙarfin shuɗi shi kaɗai ya fi sauri.

Wajen ɗauka ya fi sauƙi: a kashe ɗaya daga cikin fitilun, ko a rufe taga, ko a manna wa fitilar kyamara ledar launi mai ruwan lemo don haskenta ya yi daidai da na ɗakin.

Dole ne a cire kowane rini?

A'a. Jan faɗuwar rana da hasken kyandir su ne hoton. Saitin kai-tsaye na kyamara yakan wanke su. Don ka riƙe su, ka sa ta a saitin hasken rana ko na gajimare. Inda launi na gaskiya ya zama wajibi, kamar hoton kayan sayarwa ko kwafin zane, can ne ake bin lamba sau da ƙafa.

Da gaske RAW ya fi JPEG gyaruwa?

Ƙwarai. RAW fayil ne mai ɗauke da ɗanyen bayanan da kyamara ta kama, JPEG kuwa hoton da ta riga ta sarrafa. JPEG yana da matakai 256 a kowane launi, kuma kyamara ta riga ta gasa masa daidaiton fari, wato saitin da ke sa fari ya fito fari, ta zubar da sauran bayanan. RAW mai bit 12 yana da 4096, mai bit 14 yana da 16384, kuma daidaiton farin da ke jikinsa rubutu ne kawai da za ka iya sauyawa ba tare da asara ba. Hoton RAW da aka ɗauka da saitin ƙwan lantarki a tsakar rana yana dawowa daidai da taɓawa ɗaya. JPEG irinsa zai gyaru kaɗan, amma idan launi ɗaya ya riga ya cika 255 ko ya faɗi 0, launukan za su fito a mace. Wayoyi da yawa yanzu suna ɗaukar RAW a sashen ƙwararru na kyamararsu, galibi da sunan DNG.

Yaya ake karanta taswirar haske?

Histogiram ke nan. Hagu baƙi ne, dama fari, tsayin tudun kuma yawan ɗigon da ke wannan mataki. Babu siffar da ake cewa ita ce daidai: hoton dare dole ya taru a hagu, hoton farin bango a dama. Abin dubawa shi ne gefuna. Idan tudun ya jingina da bangon dama ya hau sama, akwai wurin da ya ƙone. Idan ya jingina da na hagu, akwai wurin da ya toshe da baƙi.

Ka duba ta launuka uku, ba ta haske kaɗai ba. Jan fure ko jar riga sukan cika layin ja alhali taswirar haske tana nuna lafiya lau. A Lightroom danna J yana fenta wurin da ya ƙone da ja, wanda ya toshe da shuɗi. Ka sani kuma taswirar da ke bayan kyamara daga JPEG ake lissafa ta ko da RAW kake ɗauka, don haka yawanci akwai ɗan rarar da ba ta nuna ba.

Me ya sa farin bango yake fitowa toka-toka, baƙin kaya kuma ya koɗe?

Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani matsakaicin ruwan toka. Fari ya cika fili, sai ta rage haske. Baƙi ya cika, sai ta ƙara. Maɓallin da ke da alamar +/- shi ne maganin wannan. Ga fili mai yawan fari ka ƙara mataki 1 zuwa 2, ga mai yawan duhu ka rage kamar mataki 1. Mataki ɗaya ninkin haske ne, ko rabinsa.

Wannan yana shafar fata mai duhu. Idan fuskar ta cika hoton, kyamara takan ƙara haske har fatar ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka, goshi ya ƙone. Haka masu gyara ma suke yi idan suka ja haske da yawa. Fatar ta zauna a duhunta na gaskiya, abin nema shi ne a ga siffar fuska da hasken ido.

Hoto ya yi duhu. Ta ina zan fara?

Da Exposure, ma'aunin hasken hoton gaba ɗaya, har matsakaicin haske ya zauna, musamman fuska. Idan sama ta fara ƙonewa, ka sauke Highlights, ma'aunin wuraren haske. Sannan ka ɗaga Shadows, ma'aunin inuwa, gwargwado. Daga ƙarshe ka riƙe maɓallin Alt kana jan Whites, ma'aunin ƙarshen fari, har ɗigon farko su bayyana, ka koma baya kaɗan. Ka yi haka da Blacks, na ƙarshen baƙi. Wannan mataki na ƙarshe shi ake mantawa, shi ya sa hotunan da aka haskaka suke fitowa kamar da hazo a kansu.

Za ka ga yashi-yashi a inuwa. Hasken da ya isa wurin kaɗan ne tun farko, don haka ƙara shi yana ƙara gurɓatar da ke tare da shi. Ɗaga hoto mataki 2 ya yi kusa da ɗaukarsa da ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, ninki huɗu. Ka fara cire ɗigon launi, wato ja da koren da suke warwatse, don cire su ba ya cin kaifin hoto sosai. Na haske kuwa ka rage shi kaɗan. Idan ka matsa, fata za ta koma kamar roba. JPEG yakan jure mataki 1, RAW na kyamarar zamani 2 zuwa 3, wani lokaci fiye.

Wurin da ya ƙone fari fat yana dawowa?

Idan launuka uku duka sun cika, ba ya dawowa. Babu abin da aka rubuta a wurin, jan Highlights zai mayar da shi toka marar siffa ne kawai, kuma wannan ya fi farin muni. Idan ɗaya ko biyu ne suka cika, manhajar RAW tana iya ƙiyasta sauran daga wanda ya tsira, ko da yake launin wurin yakan ɗan karkata, gajimare ya yi ruwan hoda. Saboda haka a hoton dijital ake kare wurin haske a bar inuwa: inuwa tana dawowa da yashi, ƙuna ba ta dawowa. Idan abin ya ƙone a ƙaramin wuri a fata, ana iya ɗebo launi daga gefensa a shafa da burushi mai ƙarfin kashi 10 zuwa 15.

Mutum ya tsaya gaban taga, ya fito baƙi ƙirin.

Kada ka ɗaga hoton duka. Ka zaɓi mutumin shi kaɗai, ka ƙara masa haske, ka ɗan ɗumama launinsa don inuwa ta sa shi shuɗi. Ka lura da bakin zaɓin, kada farin zobe ya kewaye kansa. Nan gaba ka auna hasken a fuskarsa, ko ka kunna fitilar kyamara a rage ƙarfinta, ko, idan abin ba ya motsi, ka ɗauki uku a -2, 0 da +2 ka haɗa su.

Wanne ake fara gyarawa, haske ko launi?

Ka kawo haske kusa da daidai don ka iya ganin abin da kake yi, ka daidaita fari, sannan ka koma ka ƙarasa hasken. Dalili shi ne sauya daidaiton fari yana ɗaga launi ɗaya ya sauke wani, kuma yana iya ƙona wurin da a da bai ƙone ba. Ƙarfin launi da kaifi su ne na ƙarshe.

Bayan gyara sama ta yi layi-layi, launuka kuma sun yi kauri.

Layi-layin alamar an miƙe matakai 256 fiye da ƙarfinsu. Za ka ga taswirar ta yi giɓi kamar haƙoran mataji. Ka yi aiki a bit 16 daga RAW, ka daina gyara kan gyara a fayil ɗaya, kada kuma ka riƙa adana JPEG a kan JPEG, don kowace adanawa tana rage shi. Ka ajiye na asali, ka yi aiki a kwafi ko a TIFF, fayil ɗin da adanawa ba ta rage shi. Kaurin launi kuwa daga ƙara bambancin haske da duhu yake zuwa. Sa shimfiɗar Curves a yanayin Luminosity yana hana shi.

Na ɗauki hotuna a jere a zaure ɗaya, kowanne da launinsa.

Ko dai saitin kai-tsaye ne yake sake kintace a kowane hoto, ko fitilun suna ƙyaftawa. Inda wutar lantarki take zagaye 50 a daƙiƙa, fitilu irin dogon ƙwai da wasu LED suna ƙyaftawa sau 100. Inda take 60, sau 120. Ɗauka mai sauri tana kama wani yanki ne na ƙyaftawar. Ka sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa ga na farko, 1/60 ko 1/125 ga na biyu, ka kuma kafe daidaiton fari a lamba ɗaya. Ka ɗauki katin toka na kashi 18 a hoton farko, a daidai inda mutane za su tsaya. Wajen gyara ka taɓa katin, ka kwafa saitin zuwa sauran. Fitila ta sauya, a sake ɗaukar katin.

A kwamfutata ya yi kyau, a waya ya sauya, a takarda kuma ya yi duhu.

Ka fara duba ko saitin dare mai rage shuɗin allo yana kunne. Duk wanda ya yi gyara da shi zai fitar da hoto mai shuɗi. Sannan tsarin launi: hoton da za a sa a intanet a fitar da shi a sRGB. Na Adobe RGB yakan fito a koɗe a manhajar da ba ta gane shi ba.

Duhun takarda kusan kullum daga allo mai haske da yawa ne: allon ya nuna maka hoton da haske, sai ka bar shi da duhu. Masu gyara suna sa hasken allo a kandela 80 zuwa 120 a murabba'in mita, farinsa a Kelbin 6500, gama (ma'aunin matsakaicin haskensa) a 2.2, su auna da na'urar daidaita allo bayan ya yi kamar minti 30 a kunne. Idan ba ka da na'urar, ka rage hasken allon har farinsa ya yi kusa da farar takardar da ka riƙe a gefensa a ɗaki mai matsakaicin haske, sannan ka buga ƙaramin gwaji kafin babba, ka duba shi a hasken rana kusa da taga.